Muryar Yaya a Hannun Kamfani

Yayana, Allah ya jiƙansa, mai aski ne, kuma duk layinmu Rediyo ake ce masa. Ni kaɗai nake kiransa Yaya, sai matarsa da take ce masa Maigida idan ana shiri, Rediyo kuma idan ya ɓata mata rai. Shagonsa yana kallon shagon ɗinkina, titi ne kawai ya raba mu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Ina kan keke ina taka ɗinki, idan na ɗaga kai ina hango shi ta gilashi, hannu yana aiki, baki yana aiki.

Shagon ba wani babba ba ne. Kujera ce guda mai juyawa wadda fatarta ta tsage aka liƙe da salatif, da dogon madubi, da benci na masu jira, da injinan aski rataye a ƙusoshi, da kwalbar sifirit da ta hoda. Amma mutane suna wuce shaguna masu fitilu kala-kala su zo nan su zauna a bencin katako. Yaya yana ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya zai ɗauko labari, kuma ba ya kwance ƙyallen sai labarin ya ƙare. Idan aski ya riga labari ƙarewa, sai ya ci gaba da kaɗa almakashi a iska bisa kan mutum, ƙas ƙas ƙas, kamar akwai sauran gyara. Na sha ganin mai sanƙo ya daɗe a kujerar nan fiye da mai suma.

Ba shi kaɗai yake magana ba. Namiji idan aka ɗaure masa wuya da ƙyalle aka juya shi yana kallon kansa a madubi, bakinsa yakan saki. Abin da bai faɗa wa matarsa ba, abin da bai faɗa wa ɗan'uwansa ba, a kujerar Yaya yake faɗa, musamman idan benci babu kowa. Shi ya sa Yaya ya kafa doka guda a shagonsa: ba a ɗaukar murya, ba a ɗaukar bidiyo. Yakan ce maganar da aka yi a kujerar nan tare da gashi ake share ta. Wani saurayi ya taɓa ɗaga waya ana cikin hira, Yaya ya kashe inji ya rataye shi, ya bar masa kai rabi da gashi rabi babu, sai da ya goge abin da ya ɗauka a gaban kowa. Shi kansa bai taɓa aika wa kowa saƙon murya ba. Idan yana da magana da ni, ya tsallako titi da almakashi a hannu ya faɗa. Mutumin da ya fi kowa surutu a layinmu, babu muryarsa a wayar kowa.

Matarsa Gimbiya yake ce mata, ni kuma Anti nake ce mata. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a gidan, kuma da faɗa suke zaman lafiya. Ita tana son taga a rufe, shi yana son ta a buɗe. Shi ya ce shayinta ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa ganye daga nesa, ita ta ce to ya tafi inda ake yi masa mai kyau. Silifas ɗinta kuwa kullum a bakin ƙofa suke, kullum sai ya yi tuntuɓe da su, kullum sai an yi magana. Baƙo zai ɗauka gobe za a rabu. Mu da muka san su, ranar da muka ji gidan shiru ne muke tambaya ko lafiya.

Da ciwon suga ya cinye mata idanu, Yaya ya zama idonta. Yana dawowa daga shago zai zauna a gefen gado ya kawo mata titi gaba ɗaya: wa ya yi wa ƙofarsa fenti mai kama da ciwon ido, wace mota ce ta maƙale a kwata, wane irin ɗinki na yi wa wata mata har ta fita tana tafiya a karkace. Yana ƙara gishiri, ta sani, tana cewa ƙarya kake yi Rediyo tana dariya. Amma a abin da ya shafi rayuwarsu bai taɓa yi mata ƙarya ba, ko ta kwantar da hankali. Ta taɓa gaya mini cewa tun da ta daina gani, abin da ya faɗa shi ne ƙasar da take takawa.

Sai muryarsa ta fara dushewa. Ya ce ƙurar gashi ce. Ya sha zuma, ya sha lemon tsami, ya sha duk abin da masu zaman benci suka rubuta masa da baki, kowa a cikinsu likita ne. Ni ce na gaji na rufe shagona, na tsaya a kansa na ce ko ya bi ni asibiti ko in zauna a kujerar askin nan har dare babu mai hawa. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma idan ana son rai sai an cire wurin da murya take fita. Yaya ya dube ni ya ce, “To ke ce za ki huta.” Ban yi dariya ba.

A asibitin akwai wata mata da aikinta shi ne koya wa irin waɗannan marasa lafiya yadda za su yi magana bayan tiyata. Malama muke ce mata. Ita ta gaya mana cewa asibitin yana da yarjejeniya da wani kamfani: za a ɗauki muryar Yaya kafin a yi aiki, kamfanin ya sarrafa ta, daga baya duk abin da ya rubuta a waya, wayar za ta faɗe shi da muryarsa. Yaya ya ce a'a tun kafin ta rufe baki. Na ce masa, “Yaya, ni idan ka rubuta a takarda zan karanta. Anti fa?” Ya dubi takalminsa, sannan ya tambayi Malama yaushe za a fara.

Ɗakin ɗaukar muryar ɗan ƙarami ne, an manne bangonsa da soso, akwai gilashi tsakaninsa da inda nake zama. Da farko jimloli aka ba shi a allon kwamfuta ya karanta, ya dinga karantawa a sandare kamar ɗan firamare a gaban hedimasta. Malama ta cire abin kunnenta ta ce, “Baba, wannan ba kai ba ne. An ce mini Rediyo ake kiranka. Ka manta da allon, ka yi hira kamar kana shago.” Ya ce ba ya iyawa hannu wofi. Washegari na zo masa da almakashinsa. Yana jin shi a yatsu, sai ga Yaya ya dawo. Ni ba na jin abin da yake faɗa, ina dai ganin hannu yana yawo bisa kan da babu shi, baki yana tafiya, wani lokaci ya tsaya ya girgiza kai. Haka muka yi ta zuwa har lokacin aiki ya yi.

An yi aiki, an bar masa ƙofa a wuya wadda yake numfashi ta ciki, yana rufe ta da ɗan ƙyalle da na ɗinka masa. An gwada shi da wata na'ura da ake dannawa a ƙarƙashin haɓa, ta yi ta ƙugi kamar injin askinsa, Anti ba ta gane ko kalma guda ba. Sai ranar da Malama ta sa masa manhajar kamfanin a waya. Muka koma gida, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ƙasa, ya yi rubutu da babban yatsa. Wayar ta ce, da muryarsa, har da 'yar dushewar nan da yadda yake jan ƙarshen magana:

“Gimbiya, wai silifas ɗin nan gadin ƙofa kika sa su?”

Anti ta miƙe zumbur. Ta ce, “Rediyo, Allah ya shirye ka,” sai kuka. Ni ma na yi, ban ɓoye ba. Abu guda ne wayar ba ta iya ba, dariya. Idan dariya ta zo masa sai ya bugi gwiwarsa, Anti ta koyi jin wannan.

Bai daɗe da warwarewa ba ya ce in raka shi wurin Malama. Ya zauna ya rubuta, wayar ta tambaye ta, hirar da ya yi a ɗakin soso, ina take? Ta ce tana ajiye a kwamfutocin kamfanin, can wata ƙasa, a kulle, ba mai saurare. Ya rubuta, “Na faɗi sunaye.” Ashe da aka ce ya yi hira kamar yana shago, abin da yake da shi ya bayar. Labarin wanda ya yi kuka a kujera, da wanda ɗansa yake kurkuku iyali suna cewa karatu ya tafi, da wanda ya san ciwonsa bai gaya wa gida ba. Almakashi yana hannunsa, ya manta da makirufo. Ya ce a share duka.

Malama ba ta ɓoye masa komai ba, wannan zan shaide ta har gobe. Ta ce, “Baba, ka tsaya ka ji. Abu biyu ne. Akwai hirar da ka yi da bakinka, ita taka ce, ko ina za ka iya kai ta a sake gina maka murya. Akwai kuma muryar da suka gina daga hirar, ita a injinsu kawai take aiki. Idan ka share ta farko, ka zama ba ka da wurin zuwa sai su.”

Ya rubuta, “Ina za ni? Muryar dai tana nan?”

Ta ce tana nan.

Na kasa haƙuri na ce, “Haba Yaya! Wa ya san mutanen layinmu a can? Ko sun saurara me za su gane?”

Ya dube ni, ya rubuta a hankali. Wayar ta ce, “Ni na san su.”

Aka share. Ya fito daga asibitin yana tafiya kamar an sauke masa buhu daga ka, har ya tsaya ya saya wa Anti sabon silifas don a samu abin faɗa.

Ya koma aiki. Ya jingina wayar a gindin madubi, ya haɗa ta da 'yar sifika, yana aski yana tsayawa ya yi rubutu. Aski ya ƙara tsawo, barkwanci kuma yana zuwa a makare, wani lokaci sai an wuce magana sannan amsarsa ta fito, a sake yin dariya daga baya. Masu benci suka saba. A nan ne na gane cewa muryar ba a cikin wayar take ba. Wayar 'yar aike ce kawai: ta kai rubutu can wurin kamfani, ta dawo da magana. Ranar da sabis ya ɗauke, Yaya ya zama bebe har ya dawo. Abin ya tsaya mini a rai tun lokacin, amma mutum yana aski yana tsokanar jama'a, matarsa tana jin labarin titi, sai na ce wa kaina in daina neman abin damuwa.

Malama da kanta ta zo shagon, ba ta aiko ba. Ina ganinta ta gilashi na san ba aski ya kawo ta ba, na bar ɗinki a kan keke na tsallaka. Ta ce asibitin ya bar wancan kamfani, ya kwashe duk ajiyarsa ta intanet ya koma wani. Manya ne suka yanke, ba a tambaye ta ba. Bayanan marasa lafiya sun bi, hotunan ƙashi sun bi da ƙyar, amma muryoyi sun ƙi. Tsohon kamfanin da asibitoci kawai yake hulɗa, ba ya buɗe wa mutum ɗaya, don haka idan wa'adin ya cika muryar Yaya za ta tsaya. Sauran marasa lafiya an karɓo musu hirarsu ta asali an kai sabon wuri, an sake gina musu. Shi kuwa babu abin da za a kai.

Na ce, “To a ɗauko wadda aka gina mana! Ba tasa ba ce?”

Ta ce, “Tasa ce. Amma kowane kamfani da irin tsarinsa. Da sun yarda da tsari guda, da an ɗauke ta kamar yadda kike cire layi daga wannan waya ki sa a waccan. Ba su yarda ba.”

Yaya ya miƙa hannu ya ciro injin aski guda, ya ɗauko matajin wani injin daban, ya gwada sa shi a kai. Ya ƙi shiga, saura kaɗan, amma ya ƙi. Ya ajiye su ya rubuta, “Na san irinsu. Da gangan suke yi don ka dawo wurinsu.” Ya bugi gwiwa. Babu wanda ya taya shi.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. Na karɓi lambar tsohon kamfanin na yi ta kira, a sa mini kiɗa, a miƙa ni ga wannan, wannan ya miƙa ni ga wancan. Daga ƙarshe na samu wata yarinya mai ladabi kamar ta yi maka sujada, irin ladabin da yake ƙara wa mutum hawan jini. Ta ce ƙwarai kuwa, muryar mallakin yayana ce, kuma suna mutunta haƙƙinsa. Na ce to ku ba mu. Ta ce da farin ciki. Suka turo wani fayil. Na kai wa masu gyaran waya, na kai wa masu kwamfuta, Malama ta kai wa sabon kamfanin, babu abin da ya buɗe shi. Na sake kira, ta ce ai a tsarinsu kawai yake buɗewa. Na ce mata, ni tela ce, idan na karɓi yadin mutum na ɗinka masa riga, sannan na ce ba zai sa ta ba sai a cikin shagona, me za a kira ni? Ta ce ta fahimci damuwata. Fayil ɗin yana cikin wayata har yau, na canza waya ma na kwashe shi, ban san don me ba.

Malama ta yi wata dabara. Ta ce tun da muryar tana aiki tukuna, a sa wayar ta yi ta magana, a ɗauka, a kai wa sabon kamfanin a matsayin hira. Muka je ɗakin soso. Sabon kamfanin yana da doka, don kada a saci muryar mutane: kafin a fara, sai mai muryar ya karanta wata jimla da bakinsa, kai tsaye, cewa ya yarda. Jimlar ta fito a allo. Yaya ya dube ta, ya taɓa ƙyallen wuyansa. Ya rubuta ta a waya, ya kai wayar bakin makirufo. Allon ya yi ja, ya ce wannan muryar inji ce, mai ita ya yi magana da kansa. Muka sake, ya sake yin ja. Malama ta yi ta kai ƙara sama, aka ce ana duba lamarin. Ba na cewa dokar banza ce, na san akwai ɓarayi. Amma ranar nan da na ga yayana zaune gaban inji ana ce masa ya buɗe baki ya tabbatar shi ne, na fita waje na zauna a matakala, don idan na tsaya zan fasa wani abu.

Da ya ga wa'adi yana matsowa, wata rana da hantsi ya tsallako titi ya ajiye mini wayarsa a kan keke. Wayar ta ce, “Kawo taki ki ɗauka.” Na ɗaga kai na dube shi. Mutumin da ya bar wa saurayi rabin kai saboda ɗaukar murya. Ya kawar da fuska ya rubuta, “Ba a shago ba. A gida.”

Muka dinga zama a ɗakinsu da yamma, Anti a kan gado, shi a kujera, ni a ƙasa riƙe da waya biyu. Shi ya rubuta, tasa ta faɗa, tawa ta ɗauka, daga baya a jera masa su a wayarsa yadda zai danna guda ta fito ko babu kamfani. Ni na zo da shirina: ya yi mata addu'a, ya sa mata albarka, ya ce ya yafe mata, irin maganganun da ake ajiyewa. Anti ta ce, “Ke dakata. Mutuwa aka ce zai yi? Ni addu'a ina jin ta a ko ina. Faɗana nake so.”

Haka aka yi. Aka ɗauki maganar silifas kala-kala. Aka ɗauki “Wa ya rufe tagar nan?” da “Wannan shayi ne ko wankin kofi?” da “Ke dai ba kya gajiya da mita.” Ita take tuna masa: “Ka faɗi wadda kake cewa a kan ƙeyar ƙanena.” Ya rubuta, mu yi dariya har in kasa riƙe waya, a sake ɗauka. Aka ɗauki gaisuwar safe, tambayarsa da amsarsa, a jere: “Gimbiya, kin tashi lafiya?” sai a ƙarƙashinta “Lafiya lau.” Aka ɗauki na tafi, na dawo, kin sha magani, matsa mini. Duk abin da ake faɗa a gida idan ana lafiya mun ɗauka. Ɗayan ɓangaren kuwa, maganar ranar da ba lafiya, babu wanda ya kawo shi a cikinmu, ni dai ya zo mini a rai na haɗiye.

Muryar ta tsaya ana tsakiyar aski. Ya rubuta ƙarshen wani labari, masu benci suna jira, alamar waya ta yi ta juyawa ba ta ce komai ba. Ya sake dannawa. Sannan ya kife wayar, ya ƙarasa askin, ya kaɗe wa mutumin wuya, ya kwance ƙyalle. Ban ji ƙas ƙas ɗin almakashi ba ranar.

Sabon kamfanin ya ba shi murya daga cikin nasu. Ta wani saurayi ce, tas-tas, kamar mai karanta labarai. A shago an yi haƙuri da ita, duk da barkwancin Yaya a bakin yaron nan kamar babbar riga ce a jikin wanda ba tasa ba. A gida kuwa sau ɗaya ta yi magana. Yana dannawa, Anti ta lalubi mayafi ta rufe kanta, ta ja jiki zuwa bango. Ta ce, “Wane ne a ɗakina?” Na ce Anti, Yaya ne, sabuwar ce. Ta ce, “Na sani. A fitar da shi.” Daga ranar saurayin a shago yake tsayawa. A gida sai abin da muka ɗauka, da buga gwiwa, da hannunsa a kan nata. Labarin titi ya ƙare, don babu shi a jerin. Nakan shiga in ba ta, ta saurara don kada in ji kunya, amma ni ban iya ƙara gishiri ba.

Sun yi zamansu a haka. Ya yi tuntuɓe da silifas, ya danna, ta rama. Ta haddace su duka, wani lokaci tun kafin ya danna take ba da amsa, ya bugi gwiwa. Idan ta yi masa tambayar da babu amsarta, sai ya matsa hannunta, ko ya jira in zo in karanta mata abin da ya rubuta. Akwai maganar miji da mata da ba a bi da ita ta bakin ƙanwa, waɗannan sun haƙura da su.

Sai ya fara ramewa, wuyan riga yana yi masa yawa, ni da nake ɗinka masa na riga kowa gani. Muka koma asibiti. Likita ya duba hotuna ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago ya ce ciwon ya dawo, kuma ya bazu inda wuƙa ba ta kaiwa. A cikin mota Yaya ya rubuta ya nuna mini allon, bai bar saurayin ya faɗa ba: “Kada ki gaya mata. Ni zan gaya mata.”

Rana ta yi yamma muka shiga gida. Silifas suna bakin ƙofa, ya tsallake su bai taɓa ba. Anti tana zaune a gefen gado, ta juyo da fuska wajen takunsa.

“Me likita ya ce?”

Ya zauna kusa da ita ya ciro waya. Ina tsaye a bayansa, ina gani. Ya buɗe muryar saurayin, ya rubuta kalma biyu: “Ya dawo.” Yatsansa ya tsaya a kan wurin dannawa, ya daɗe. Sannan ya goge. Ya buɗe jerin namu, ya yi ƙasa, ya yi sama, taga, shayi, ƙeyar ƙanenta, kin sha magani, ya sake yin ƙasa.

Ta ce, “Rediyo, kada ka sa ƙanwarka. Daga gare ka nake so in ji.”

Ya danna. Muryarsa ta cika ɗakin, da 'yar dushewar nan, cikin fara'a, kamar yanzu gari ya waye:

“Gimbiya, kin tashi lafiya?”

Hasken yamma yana kan fuskarta ta tagar da ya bari a buɗe. Ta lalubo gwiwarsa ta dafa.

“Lafiya lau, Maigida,” ta ce. “Kai fa?”

Amsar tana nan a ƙarƙashin tambayar, yatsansa yana kusa da ita. Anti ta karkata kunne tana jira. Bai danna ba.